Ƙaryar da Ta Zo da Sunan Mala'ika

Karatu: 1 Sarakuna 13:1-32; Yakubu 1:19-27

 An ba mu wannan fili domin nazarin Maganar Allah, mun kuwa zaɓi wata sura da ba a cika yin wa'azi a kanta ba. A shekarun da muka yi muna koyarwa a nan Katsina, da wuya mu sami ɗalibi biyu cikin aji da suka taɓa jin labarin, waɗanda suka ji kuma sukan ce bai yi musu daɗi ba. Mu ma da farko bai yi mana daɗi ba. Muna roƙo ku ajiye wannan takarda, ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta surar tukuna, sa'an nan ku komo. Wanda ya karanta da idonsa maimakon ya dogara ga bakinmu, ya riga ya kama rabin darasin.

Bayan rasuwar Sulemanu, wajen shekara 930 kafin haihuwar Kristi, mulkin Isra'ila ya rabu biyu. Yerobowam ya sami kabila goma na arewa. Ya ji tsoro kada jama'arsa su riƙa zuwa Urushalima sujada har zuciyarsu ta koma ga gidan Dawuda, sai ya sa aka ƙera 'yan maruƙa biyu na zinariya, ya kafa ɗaya a Dan, ɗaya a Betel. Ku lura, bai hana kowa sujada ba. Ya nuna musu dai tafiyar ta yi nisa, ga wuri kusa da gida.

Ana nan sai Allah ya aiko wani mutum daga Yahuza. Ba a faɗa mana sunansa ba, mutumin Allah kawai aka kira shi. Ya iske sarki tsaye a gaban bagade zai ƙona turare, ya ta da murya ya yi annabci cewa za a haifi wani a zuriyar Dawuda mai suna Yosiya, wanda zai ƙazantar da wannan bagade. Sarki ya miƙa hannu ya ce a kama shi, hannun ya shanye nan take, bagaden ya tsage, toka ta zube. Sarkin da ya ba da umarnin kamu, shi ne kuma ya koma yana roƙon addu'a. Mutumin Allah ya yi masa addu'a, hannu ya komo daidai. Daga nan sarki ya gayyace shi fada ya ci abinci ya karɓi kyauta. Ya ƙi. Ya ce ko rabin dukiyar sarki za a ba shi ba zai shiga ba, gama Ubangiji ya umarce shi da abu uku: kada ya ci, kada ya sha a wurin, kada kuma ya koma ta hanyar da ya zo.

Da labarin ya ƙare a aya ta 10, da mun sa shi cikin jerin jarumawan bangaskiya da muke koya wa yara a Makarantar Lahadi, tare da Daniyel da abokansa. Amma bai ƙare ba.

A Betel akwai wani tsohon annabi. 'Ya'yansa suka ba shi labarin abin da ya faru, ya sa aka ɗaura wa jakinsa sirdi, ya bi sawu. Ya tarar da baƙon yana zaune a gindin wani babban itace. Ya gayyace shi gida, baƙon ya ba shi amsar da ya ba sarki. Sai tsohon ya sake dabara: ya ce ai shi ma annabi ne, mala'ika kuma ya zo masa da saƙo daga Ubangiji cewa ya komo da shi ya ci ya sha. Marubucin surar bai bar mu cikin shakka ba, a aya ta 18 ya gaya mana ƙarya tsohon ya yi. Mutumin Allah ya tashi ya bi shi. Suna cikin cin abinci maganar hukunci ta zo, ta bakin shi wannan tsohon da ya yi ƙaryar. Baƙon ya kama hanya, zaki ya gamu da shi ya kashe shi. Masu wucewa suka ga gawa a yashe, zaki na tsaye, jaki na tsaye, zakin bai ci gawar ba, bai taɓa jakin ba. Wannan ya nuna ba yunwar naman daji ce ta yi aiki ba.

Ɗalibai sukan tambaye mu, to, Malam, shi tsohon fa, me ya sa zakin bai kama shi ba? Tambaya ce mai kyau, surar kuma ba ta amsa ta ba. Abin da ta sa a gabanmu shi ne wannan: mutumin da barazanar sarki ba ta kayar ba, kyautar sarki ba ta saye ba, magana ɗaya daga bakin ɗan'uwa a cikin aikin Allah ta kai shi ƙasa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Mu da muke zaune a Katsina mun saba da tsaron ƙofar waje. Tun muna yara aka koya mana mu tsaya a kan bangaskiyarmu in an yi mana ba'a, ko an ce mu bar ta domin aiki ko aure ko wata alfarma. Wannan koyarwa tana da kyau, da yawa kuma sun tsaya. Amma mun lura, cikin waɗanda muka koyar suka fita, kaɗan ne ƙwarai wani na waje ya kayar. Mafi yawan waɗanda suka yi tuntuɓe, wanda ya sa musu ƙafa ya san waƙoƙinmu, ya san ayoyinmu, ya fara maganarsa da yabon Ubangiji. Yaudarar da ke kama mai bi ba ta zuwa da fuskar maƙiyi. Harshen ikilisiya take yi.

Bari mu ɗauki batun kuɗi, tun da nan ne rauninmu ya fi bayyana. Manyanku za su tuna da MMM, tsarin da wani mutumin Rasha mai suna Sergei Mavrodi ya ƙirƙiro, wanda ya mamaye ƙasar nan a 2016. An yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a kwana 30. Abin lura shi ne kalmomin da aka zaɓa. Ba a ce kana zuba jari ba, cewa aka yi kana ba da taimako, daga baya kai ma ka karɓi taimako. Wane mai bi ne zai ƙi taimakon ɗan'uwa? Babban Bankin Nijeriya ya yi gargaɗi, jama'a suka ce baƙin ciki ne. Ranar 13 ga Disamba 2016, ana shirin Kirsimati, aka rufe asusun mutane. Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ce 'yan Nijeriya wajen miliyan 3 sun yi asarar kimanin naira biliyan 18. Da mun yi zaton wannan ya isa darasi, amma a watan Afrilu 2025 wani tsarin mai suna CBEX ya rushe da kuɗin jama'a ta irin wannan hanya.

'Yan aji uku na ƙaramar sakandare ma za su iya tona asirin da fensir. Ku ɗauki N10,000 ku riƙa ƙara mata kashi 30 cikin 100 kowane wata. A wata 12 za ta haura N230,000. A wata 24 za ta haura naira miliyan 5. Ku je Babbar Kasuwa ku tambayi masu sayar da hatsi, ko masu kawo kaya daga Jibiya, ko akwai sana'ar da ke haihuwa haka. Babu. Kuɗin sabon shiga ake ba tsohon shiga, ranar da sababbi suka ƙare kuwa, magana ta ƙare. Ma'ana, ko wanda ya ci riba ya fita lafiya, kuɗin wani ya ci.

Ba daga kan tudu muke wannan magana ba. Wata shekara wani tsari irin wannan, ƙarami, na wayar hannu, ya shigo ɗakin malamai. Wanda ya kawo mana shi ɗan'uwa ne da muke sujada tare, mutumin kirki, shi ma ruɗinsa aka yi. Ya ce ya yi addu'a a kai, ya sami salama a zuciyarsa, har ya fitar da zakkar ribar farko. Mu da muke koyar da lissafi da Littafi Mai Tsarki a mako guda, muka zuba albashin wata. Ba mu yi lissafin da muka nuna muku yanzu ba, ba don ba mu iya ba, sai don ba mu so mu ga amsar. Kuɗin makarantar yara na jira, haya na jira, ga wani ya ce Allah ya buɗe ƙofa. Kuɗin bai komo ba har yau. Abin da ya fi mana ciwo ma ba namu ba ne, na wata gwauruwa ce da ta shiga domin ta ga malamai sun shiga.

Wannan ya komar da mu gindin itacen nan. Betel ba ta kai kilomita 20 daga Urushalima ba, iyakar Yahuza kuwa ta fi haka kusa. Mutumin Allah ya kusa fita daga inda aka hana shi ci da sha. Littafin bai ce zamansa laifi ne ba, mu ma ba za mu ce ba. Amma a ganinmu ya gaji, yana jin yunwa da ƙishirwa, sai ga wani ya zo da saƙon da ya yi daidai da abin da cikinsa ke so. Bai tambayi Ubangiji ba, shi da ya yi addu'a domin hannun sarki aka amsa masa a ranar nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk lokacin da aka kawo muku wani sabon wahayi da ya ba ku izinin yin abin da dama kuke marmari, a nan ne ya kamata ku fi yin shakka.

Ma'aunin kuwa ba mai wuya ba ne. Allah ba ya warware maganarsa ta bayan fage. Bulus ya gargaɗi Galatiyawa cewa ko shi kansa, ko mala'ika daga sama, ya zo da wata bishara dabam, kada su karɓa (Galatiyawa 1:8). Luka ya yaba wa mutanen Biriya domin kowace rana suna bincika Littattafai su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake (Ayyukan Manzanni 17:11). In an gwada maganar manzo aka kuma yaba wa masu gwadawa, wane ne fasto ko mai bishara ko malamin makaranta da zai ce kada a gwada tasa? Girmama na gaba wajibi ne, al'adarmu da Littafi duk sun yarda da haka. Amma furfura da muƙami ba su mai da ƙarya gaskiya. Mu kuma ba mu da hujjar jahilci. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, bayan wahalar shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Yau yana cikin akwatin kowane ɗalibi, har cikin waya.

Kada wani ya ce zaki na zamanin dā ne. A Kanungu ta ƙasar Yuganda, ranar 17 ga Maris 2000, ɗaruruwan mabiyan wata ƙungiya da shugabanninta suka ce suna ganin wahayi sun ƙone cikin ɗakin sujadarsu. Da aka haɗa da gawawwakin da aka tono daga baya, adadin ya haura 700. A dajin Shakahola na Kenya, daga 2023, an tono gawa fiye da 400 na mutanen da aka koya musu su ƙi abinci har mutuwa domin su sadu da Yesu. Waɗannan mutane ba su ƙi Allah ba. Sun bar wani ya karanta musu shi ne, su ba su duba ba.

Yanzu sai mu juya ga tsohon annabin, domin muna tsoron shi muka fi kama. Ku yi tunani: yana zaune a Betel aka kafa ɗan maraƙi, yana nan aka gina bagade, 'ya'yansa ma sun san duk abin da ya faru a wurin. Annabi ne, ya san muryar Ubangiji, amma da Allah ya so a tsauta wa sarki sai da ya ɗauko wani daga Yahuza. Tsohon yana da sani, ba ya aiki da shi. Ya iya kuka a kan gawa, ya binne baƙon a kabarinsa, ya ce in ya mutu a sa ƙasusuwansa kusa da nasa, ya kuma tabbatar cewa annabcin zai cika. Ya kuwa cika bayan shekara wajen 300, a zamanin sarki Yosiya (2 Sarakuna 23:15-18). Duk abin da ya gaskata daidai ne. Rayuwarsa ce ba ta bi ba.

Irin wannan ne Yakubu ya yi wa magana a sura ta fari. Ya ce mai jin Magana ba ya aikatawa, kansa yake ruɗi. Ya kwatanta shi da wanda ya duba madubi ya ga fuskarsa, ya juya ya manta. Ku 'yan ɗakin kwana kun san wannan: ba wanda zai ga farar ƙasa ko man goge baki a kumatunsa da safe, ya ce madalla, na gani, ya wuce taron safe haka nan. Amma haka muke yi da wa'azi kowace Lahadi. Wanda kuwa ya saba ruɗin kansa, mayaudari ba ya shan wahala a kansa, gona ce da aka riga aka share.

Ga inda abin zai same ku kafin shekara ta zagayo. Satar jarrabawa ba sabuwa ba ce. A 1977 takardun WAEC sun fita kafin lokaci har aka kafa kwamitin bincike. A 1984 gwamnatin soja ta sa dokar ɗaurin shekara 21. A 1999 aka sake yin wata doka a kai. Doka ba ta kashe ta ba, suna kawai ta sake. Wuraren da ake biyan kuɗi a rubuta wa ɗalibi amsa a allo, jama'a na kiransu mirakul santa, wato cibiyar mu'ujiza. Ku dubi kalmar da aka ara! Wanda zai kai ku can ba zai ce ku zo mu yi sata ba. Zai ce taimako ne, kowa na yi, Allah ma ya san halin ƙasa. Wataƙila kawu ne, wataƙila dattijo ne a ikilisiya, ya yiwu ma uba ne da ya sayar da buhun masara domin ƙaunarku. Nan ne wuyar take, ba kuma za mu ɓoye muku ba: ƙin yarda zai iya sa ku sake zama jarrabawa, abokanku su riga ku shiga jami'a. Muna da ɗalibai da suka biya wannan farashi. Ku amsa wa babba da ladabi, ku durƙusa in ya kama, amma amsar ta zama irin wadda aka ba sarki, ba irin wadda aka ba tsohon annabi ba.

Iyaye da membobin ikilisiya, mu ma muna da tamu jarrabawar. Mudun da aka buga wa gindi, tiyar da ba ta cika ba, algus cikin manja ko garin masara, sa hannu a rajistar aiki da ƙarfe takwas alhali tara ta wuce, rasit na ƙarya a kwamitin gini. Karin Magana 11:1 ta nuna yadda Ubangiji ke ƙyamar ma'aunin zamba. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa shiga majami'a su ji wa'azinmu, amma suna sayen hatsi a hannunmu, suna kawo mana yara asibiti da makaranta, suna ba mu bashi. Su ma addininsu ya hana tauye mudu, saboda haka sun san abin da suke dubawa.

Tarihin bishara a wannan ƙasa ma haka ya nuna. A zamanin Turawa ba a yarda mishan su yi wa'azi a biranen sarakuna yadda suka ga dama ba. Ƙofar da ta buɗe ita ce ta kutare. A 1937, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, mishan na SIM suka karɓi aikin kula da kutare a Babbar Ruga, nan bayan gari ta hanyar Batsari, kamar yadda suka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Lokacin ba a sami maganin da ke warkar da cutar sosai ba. Allurar wani mai ake yi, mai zafi, sai wankin gyambo da ɗaurin bandeji kowace safiya. Ba Turawa kaɗai suka yi ba. 'Yan ƙasa, waɗansunsu ma majinyata ne da suka sami sauƙi, su ne suka riƙe yawancin aikin hannu, sunayen da yawa cikinsu kuwa ba su shiga littafi ba, kamar mutumin nan na Yahuza. Ekklesiyar ECWA da aka kafa a 1954 ta gāji wannan suna. Yakubu 1:27 ta ce addini na gaskiya yana bayyana wajen kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu, da tsare kai daga ƙazantar duniya. Abu biyu ne a aya ɗaya, mun kuwa lura ba sa rabuwa. Mace mai kai wa maras lafiya kunu kowace yamma, ba ta cika samun lokacin bin mai sayar da ruwan mu'ujiza ba, ta kuma san Allah yakan yi aikinsa ta hanyar haƙuri.

Ga masu nazari a ƙungiyar FCS, da zumuntar mata da ta matasa, muna ba da shawara ku raba surar biyu, aya 1 zuwa 10 a mako ɗaya, 11 zuwa 32 a mako na biyu. Ku tattauna abin da mutumin Allah zai iya yi a gindin itacen kafin ya tashi, da kalmomin da zai faɗa wa tsohon ba tare da raini ba. Ku gwada faɗarsu da baki, ɗaya ya zama kawu, ɗaya ya zama ɗalibi. Sa'an nan kowa ya rubuta a takarda abu ɗaya da ya riga ya sani Allah ya ce, wanda bai aikata ba tukuna: bashin da bai biya ba, littafin laburare da ke cikin akwatinsa, gafarar da bai nema ba. Kada ya nuna wa kowa. Ya sa takardar a 1 Sarakuna 13, ya rubuta ranar da zai sake buɗe wurin. Tamu takardar tana ɗauke da sunan gwauruwar nan, da abin da ya rage mu mayar mata.